Igiyar da Gergina Ta Kitsa

Kalinovets,
14 ga Afrilu.

Zuwa ga Yayana Lyuben,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sevda da yara. Allah ya kiyaye ka a kan titunan Sifen, ya raba ka da gyangyaɗi a bayan sitiyari, ya sa ciwon bayan nan da kake ɓoye mini ya yi sauƙi. Sevda ce ta gaya mini, kuma kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Mu nan duk muna lafiya. Maigidana Marin ya gama sassabe kurangar inabi, yana ta ƙorafin cewa shi kaɗai ke aiki a gidan nan, alhali rabin wunin a bakin shinge yake yi yana hira da maƙwabta. 'Yata Denitsa za ta zo daga makaranta hutun Ista, ta ce in tanadar mata cuku irin na gida, wai na birni ba shi da ɗanɗano. Na je kabarin Mama ranar Asabar na share, furannin da ka shuka bara sun fito gaba ɗaya.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wadda kake kira duk Lahadi. Dalili biyu ne. Na farko, kai ba a gama ba ka labari a wayar hannu, da na kai tsakiya sai ka ce ga 'yan sanda ko ga kwana, ka kashe. Na biyu, akwai takardar da aka umarce ni in sa maka a cikin wannan ambulan, kuma ba za ka gane kanta ba sai ka ji yadda aka yi. Don haka ka ajiye ta gefe tukuna, ka sa Sevda ta haɗa maka kofi, ka zauna.

Ka tuna yadda muka yi da kai a Kirsimeti. Ka bar mini fom ɗin gidan kula da tsofaffi, ka ce ba za ka iya ci gaba da kallon Baba yana narkewa a bakin taga ba, gara a kai shi inda akwai masu jinya da mutanen da zai yi magana da su. Na yi kuka, ka yi fushi, daga ƙarshe muka daidaita cewa in jira har shamuwa ta dawo. In ta dawo Baba bai tsallake ƙofar gida ba, in cike fom ɗin ba tare da gardama ba. Ban manta ba ko kwana ɗaya. Wata goma sha bakwai ke nan tun ranar taron tsofaffi da ya faɗi a tsohon banɗakin zauren ƙauye, ana ta kiɗa da rawa ba wanda ya ji shi, har awa biyu kafin Gergina mai shara ta same shi. Tun daga ranar ɓarin hagunsa ya ƙarasa shanyewa ya koma keken guragu, amma ni da kai mun san ba keken ne ya kulle shi a gida ba. In na ce mu fita ya ce sanyi, in rana ta fito ya ce iska. Dattijon nan Bai Tanas, abokinsa tun suna soja, ya zo da katin wasa har ya gaji, Baba ya juya masa ƙeya ya ce barci yake ji. Kunya ce kawai, Yaya, kunyar mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu yana ba jiragen ƙasa hannu, aka wayi gari an tsince shi kwance a kan tayil.

To, ka san tun bara nake zarya a ƙaramar hukuma a kan banɗakin zauren nan, tunda ni ce sakatariyar zauren, ba wanda zai yi in ban yi ba. A watan Janairu aka rushe tsohon, aka yi sabo mai faɗi wanda keke zai juya a ciki, da ƙarafan kamawa a bango, da ƙofa mai buɗowa waje. A tsakiyar Fabrairu kuma aka turo mai sa ƙararrawar neman taimako. Muna ta zuba ido mu ga wani ƙato da akwatin kayan aiki, sai ga wata mata 'yar gajeruwa ta sauko daga ƙaramar mota, sunanta Zornitsa, shekarunta za su kai nawa. Bai Tanas ya tambaye ta ina maigidan, ta ce ta baro shi gida yana renon jika, ta miƙa masa tsani ta ce ya riƙe tunda ga shi ba ya komai. Nan take na ji ta kwanta mini.

Abin ba shi da wayar lantarki ko ɗaya, shi ya sa ba a fasa mana bango ba. A cikin banɗakin ta kafe wani ɗan farin akwati a silin, kusa da wurin zama, wanda jar igiya ke saukowa daga cikinsa. Igiyar tana da zobba biyu, ɗaya daidai ƙugun mutum, ɗaya can ƙasa, faɗin tafin hannu ne kawai tsakaninsa da tayil. A saman ƙofa daga waje ta sa fitila mai ƙara. A kan teburina ta ajiye wata na'ura mai nuna inda kiran ya fito, ta kuma ba ni wata ƙarama ta sawa a aljihu mai girgiza kamar an kama fara. Ko wanne da batirinsa. Ta yi ta danne-danne har suka san juna, sannan aka zo gwaji, a nan kuma ginin kakanninmu ya nuna halinsa. Ka san kaurin bangon dutsen nan. In an ja igiya ana ji a baranda, amma a ɗakin littattafai shiru kake ji. Zornitsa ta ba Bai Tanas ta aljihun ta ce ya riƙa yawo ɗaki-ɗaki yana faɗin ko ta girgiza. Mutumin da kunnensa ya tafi tun tuni, yana can ƙarƙashin dandamali yana ihun ba ta yi ba, abar kuwa tana ta rawa a aljihun kwat ɗinsa da ya rataye a baranda. Daga baya dai ta ƙara wani akwati a lungun matakala mai karɓar kiran ya tura gaba, sai ga shi ana ji har bakin rijiyar tsakar gida.

Kafin ta tafi ta tara mu ta yi mana bayani. Ta ce maɓallin kashe ƙarar a cikin banɗakin yake, da gangan aka yi haka, don kada wani ya kashe daga kan tebur ya ce zai je an jima, dole sai an shiga an ga mutum ido da ido. Ta nuna mana yadda ake buɗe makullin daga waje da gindin cokali. Ta ce a gwada duk mako, a canza batir in fitilar ta fara ƙyafta ruwan ɗorawa, kuma kada kowa ya taɓa igiyar nan. Muka ce mun ji. Ka riƙe wannan na ƙarshen, don duk cikinmu ba wanda ya riƙe shi.

Makon farko mun sha gudu. Tsofaffinmu sun saba in sun ga igiya a banɗaki to ta sakin ruwa ce. Ranar Talata, ranar da matan ƙungiyar waƙa ke zuwa, sau biyar ina zabura da cokali a hannu, in tarar da wata tana gyara ɗankwali tana tambayata dalilin da ruwan nan yake kuka amma ba ya zuba. Gwaggo Stoyna ta ja sau biyu a wuni ɗaya, na biyun ta ce so take ta ga ko zan sake zuwa da sauri kamar na farkon. Har limamin cocinmu bai tsira ba, ya fito gemunsa na rawa yana cewa shi fitila ya nufa ya kashe. Na rubuta takarda da manyan baƙaƙe na manna, abin ya lafa.

Duk wannan ina kwasowa in kai wa Baba da yamma, ina sa rai ko zai ce a kai shi ya gani. Na kawo masa littafin bayanin, ya sa tabarau ya karance shi tas, ya ture. Ya ce shi a aikinsa duk siginar da ba za ka bi wayarta da hannu daga farko har ƙarshe ba, to ba sigina ba ce, addu'a ce. Ya ce batir kuma abin wasan yara ne. Na ce Baba ai ka zo ka duba da kanka. Ya ce sanyi. Na shiga kicin na tsaya a gaban tukunya hawaye na zuba, don a lokacin saura mako uku ko huɗu shamuwa ta iso, kuma na riga na fara tunanin irin kayan da zan haɗa masa.

Sai ga ɗaya ga Maris. Kamar kowace shekara, kowa ya fito da zarensa ja da fari yana ɗaura wa 'yan'uwa a wuyan hannu don a ga shekara lafiya, har karen Marin sai da aka ɗaura masa. Ina shiga zaure da safe Gergina ta kamo hannuna tana murmushi, ta ce in zo in ga wani abu. Yaya, ashe tun da asuba ta zo da farin ulu na tumakinta, ta kama jar igiyar nan ta kitsa su tare daga sama har ƙasa, kitso mai kyau wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Ta yi mata tuntaye biyu, ja da fari, sannan ta naɗo jelar ta ɗaure sama don kada tuntayen su taɓa jiƙaƙƙen tayil in tana goge ƙasa. Ta ce mini tun da aka rataya igiyar take kallonta, ja ita kaɗai babu fari, kamar an bar ta ba kaya. Ta ce ta yi ne da sunan Bai Dobri, wato Baba, don in Allah ya sa ya zo, abin da zai fara gani a ɗakin ya zama fatan lafiya ne. Ka san ita ce ta same shi rannan, ta cire gyalenta ta rufe shi kafin ta kira kowa, kuma har yau ba ta taɓa faɗa wa mutum halin da ta gan shi ba, ko ni.

Ba zan ɓoye maka ba, rungume ta na yi. Matan waƙa suka zo suka yi ta guɗa, kowacce ta ƙara nata zaren, har da mai ɗaura dutsen ado shuɗi. Ranar Litinin na yi gwajin mako kamar yadda aka ce, na ja, ta yi ƙara, na rubuta lafiya. Litinin ta biyu ma haka. Mu duka a tsaye muke ja, shi ya sa ba wanda ya ga komai.

Ranar Alhamis, sha uku ga wata, ina ba Baba miyar wake da rana, sai na tuna na ɗauki hoton igiyar. Na ce bari in nuna masa ko ya yi murmushi, tunda da sunansa aka yi. Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta. Ya daɗe yana kallo har miyar ta fara yin sanyi. Can ya tambaye ni ina zoben ƙasa. Na ce ga shi nan a cikin ƙullin, Gergina ta ɗaga shi don kada ya yi datti. Ya ce tun yaushe. Na ce mako biyu. Ya ajiye cokali a hankali, ya ce, "Ɗauko mini hulata da agogona, ki kira mijinki." Na tsaya baki buɗe. Ya ce ko ni ma na kurumce ne irin Tanas. Wata goma sha shida ina roƙo, ina lallashi, na kawo likita, na kawo limami, ka kira daga Valencia ka yi faɗa, duk ya yi kunnen uwar shegu da mu. Ashe abin da ya rage mu gwada shi ne mu yi aikin banza a inda zai gani.

Marin ya tura keken, ni ina biye da bargo. Baba ya sa hular aikinsa ta da, ya miƙe wuya, ko gefe bai kalla ba. Ka san ƙauyenmu, kafin mu kai dandali labari ya riga mu. Mai shago ta fito da buhun gari a hannu ta tsaya, mazan da ke shan kofi suka miƙe, Bai Tanas ya taho da gudu irin nasa yana cewa yau matattu sun tashi tun Ista ba ta zo ba. Baba ya ce masa ya rufe baki ya biyo mu, akwai aikin da zai yi. Da muka shiga zaure, mutum ya kai goma sha biyar a bayanmu, Gergina kuma tana baranda da bokitinta, da ta gan shi sai ta saki tsumma ta kama baki don murna.

Ya sa aka tura shi har cikin banɗakin. Ya dubi ƙarafan bango ya jijjiga su, ya dubi ƙofa, ya dubi igiya. Sai ya ce Marin da Bai Tanas su ɗaga shi su kwantar a ƙasa. Marin ya dube ni. Na ce Baba don Allah, ga mutane. Ya ce ai saboda mutanen ne. Suka kwantar da shi rigingine, ya ce ba haka ba, a juya shi a kan ɓarin dama, hannunsa mai lafiya ya koma ƙarƙashinsa, don rannan haka ya faɗi. Suka juya shi. Ya ja hannun nan da ƙyar a kan tayil, ya miƙa yatsu har inda suka iya kaiwa, daidai ƙasan igiyar, inda zoben ya kamata ya kasance. Babu komai a wurin. Tuntayen Gergina suna can sama suna lilo, ko da sanda ba zai taɓo su ba.

Daga nan ƙasa, kumatunsa a kan tayil, Baba ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce rannan awa biyu ya yi yana kallon ƙarƙashin ƙofa, yana ganin takalmanmu suna wucewa, kuma ya gane na kowa. Ya ce nawa takalmin ya wuce sau ɗaya da sauri, ina ɗauke da faranti. Na Tanas sau uku, har ya tsaya ya ƙwanƙwasa ya yi tsaki ya tafi. Bai Tanas, idonsa ya yi ja, ya ce ai da ka yi magana, Dobri. Baba ya ce ya yi, muryar ce ta ƙi fita, kuma ko ta fita kai da ba ka jin igwa tun muna soja ina za ka ji. Mutane suka yi dariya suna share ido. Ni dai ban iya dariyar ba, don sai ranar na san takalmina ya wuce ta wurin.

Gergina kuwa ta zauna a kan bokitinta da ta kife, ta rufe fuska da gyale tana kuka, tana cewa ita da ta ɗaga shi da hannunta, ita ce kuma ta ɗaure masa igiya, gara a kore ta daga aikin. Baba ya kira sunanta sau biyu kafin ta ɗago. Ya ce, "Gergina, kitson nan ya yi kyau, ko matata, Allah ya jiƙanta, ba ta kai ki ba. Amma ki zo ki kwance shi kafin sanyin tayil ɗin nan ya kai ni wurinta, ta tambaye ni wa na yaba." Ta tashi tana kuka tana dariya ta hau kwancewa. Kitson ya kamu sosai, sai da ta yi kusan minti goma sha biyar, kuma Baba ya ƙi a ɗaga shi har ta gama, kwat ɗin Marin kawai ya yarda aka cusa masa. Da jar igiyar ta sauko ta miƙe, zoben ya zo ya tsaya daidai kan yatsunsa. Gergina ta durƙusa ta ɗaura masa farin ulun a wuyan hannu tare da ɗan jan zare da ta tsinko daga nata.

Ka zaci an gama? Ya ce kowa ya fita, a kulle shi a ciki yadda yake a kwance, a sa masa agogonsa a gaban ido. Ni kuma in tafi ɗakin littattafai, can ƙarshen gini, in kama aikina da ta aljihun a jikina, ba zai gaya mini lokacin da zai ja ba. Na tafi na zauna ina jera littattafai a juye. Minti ɗaya, biyu, biyar, shiru. Zuciyata ta fara raya mini ko wani abu ya same shi, ko akwatin lungun matakala ya mutu, ko bangon nan ya sake cinye kiran. Sai a minti na bakwai abar ta girgiza a aljihuna, ƙarar ta cika zaure. Ban san na iya gudu haka ba a shekaruna. Na buɗe makullin da gindin cokali, na faɗa ciki, na danna maɓallin kashewa. Yana kwance da zoben a yatsa, hawaye ya gangaro ta kan hancinsa ya ɗiga a tayil, amma da ya buɗe baki cewa ya yi sakan arba'in da ɗaya, da a tasha ne da ya rubuta mini takardar gargaɗi. Na zauna a ƙasan nan kusa da shi na riƙe kansa, ban damu da masu leƙe ba.

Ranar bai koma gida ba sai da rana ta yi sanyi. Aka kawo gurasa da gasasshen tattasai tunda azumin Ista ake, ba a cin nama, wani ya zaro 'yar kwalbar giyar rakiya daga aljihu, na ce likita ya hana, Baba ya ce likita ba ya nan. Ya ci Bai Tanas wasan kati sau uku a jere, ya ce wata goma sha shida ya ba shi ya koya amma bai ƙaru da komai ba. A hanyar dawowa ya ce mini har yanzu bai yarda da abin da ba shi da wayar lantarki ba, kuma tunda bai yarda da shi ba, dole a samu mai sa masa ido, mu kuma ya ga irin namu sa idon.

Tun daga nan duk Litinin ƙarfe goma muna zaure. Shi ne mai gwaji. Yana sa a kwantar da Marin a ƙasa ya ja zoben, Marin yana ƙunƙuni, shi kuma yana riƙe da agogo. Yana aika ni wurare daban-daban, yau dandamali, gobe bakin rijiya, don ya ga inda kiran ke kaiwa. Ya auna tsayin zoben daga tayil ya yi alama da jan fenti a bango, kuma Gergina ce da kanta take duba alamar kowace safiya, in ta ga wata ta kai hannu kusa da igiyar sai ta daka mata tsawa. Na kira Zornitsa na ba ta labari, ta ce ta ga masu ɗaure igiya a ƙarfen bango, ta ga masu yanke ta don yara, amma mai yi mata kitso ba ta taɓa gani ba sai a ƙauyenmu. Ta zo da kanta ta gaishe da Baba, suka yi awa guda suna gardama a kan batir, ta tafi da tulun zuma. Yanzu kuma Talata ma yana zuwa, wai don ya ji ko ana jin ƙararrawa in mata suna waƙa, Alhamis kuma ban san dalilin da ya ba kansa ba.

Shamuwa ta sauka a kan hasumiyar coci ranar ashirin da biyu ga Maris. Baba ne ya fara ganinta, daga dandali. Ya sa na tura shi gindin bishiyar nan ta ƙofar zaure da ke fara fure, ya kwance ulun Gergina daga hannunsa kamar yadda al'ada ta ce in an ga shamuwar farko, ya ɗaura a reshe da haƙori da hannu ɗaya, ya ƙi in taya shi.

Yanzu ka ɗauko takardar da na ce ka ajiye. Ranar Litinin ta gwajinsa na farko, kafin mu fita, ya ce yana bukatar takardar da zai riƙa rubuta sakamako. Na kawo masa littafin rubutu na Denitsa, ya ce wannan ta yi laushi. Ya ce in ɗauko wadda Lyuben ya bari, wadda na ɓoye a kabad ƙarƙashin mayafan tebur na Mama, bayanta fari ne kuma tana da kauri. Yaya, ashe ya sani tun daren Kirsimeti, ya ji mu ta bango, ya san zancen shamuwa, yana zaune a bakin tagar nan yana kallon hasumiyar coci tare da ni bai ce uffan ba. Na ɗauko na ba shi. Bai ko dubi gabanta ba, ya kife ta, ya sa rula ya ja layuka.

Kada ka ji wani abu a ranka. Ni ban riƙe ka ba, shi ma bai riƙe ka ba. Na san tsoro ne ya sa ka, kuma mai nisa tsoronsa ya fi na wanda ke kusa. Har yanzu akwai ranakun da yake tashi ba ya son magana, hannun hagun kuma yana nan yadda ka bar shi. Amma in ka zo a watan Agusta kada ka neme shi a bakin taga, kuma ka zo da wandon da ba ka jin tausayinsa, don ya riga ya ce Marin zai huta, kai za a kwantar.

Ka gaishe mini da Sevda, ka ce mata maganin shafawar da ta aiko ya yi amfani. Ka gaishe da Yasen, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Bilyana, ka ce mata kakanta ya rataye zanenta a saman gadonsa. Marin da Denitsa suna gaishe ku, haka Gwaggo Stoyna. Bai Tanas ya ce a gaishe ka da ƙarfi, wai ko kai ma ba ka ji sosai. Gergina ta ba ni safa biyu ta ulu in aiko wa yara, na ce mata can ba sanyi, ta ce ƙafa ƙafa ce, suna nan tafe a wani ƙunshin.

Baba ya ce in gaishe ka. Ya ce ka duba layin ƙarshe na shafin, za ka ga ƙanwarka ta sauko zuwa sakan ashirin da takwas. Ya ce kuma shafi huɗu ne kawai fom ɗin, ya riga ya ci biyu, don haka in kana da wani ka aiko, takardar tana da kyau, biro ba ya huda ta.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Nevyana